Opera: matasa na leƙowa, amma tsofaffi ke ɗora tukunyar gidan

A watan Disamba na 2006, a gidan wasan La Scala da ke birnin Milan na Italiya, mawaƙin nan ɗan Faransa Roberto Alagna ya kammala waƙarsa ta farko a wasan opera mai suna Aida. Sai ihun raini ya ɓarke daga can sama, daga benen ƙarshe inda masu tikitin araha ke cunkushe. Mutumin ya juya ya fice daga dandamali, kiɗa kuwa bai tsaya ba. Wanda aka ajiye domin ko-ta-kwana, Antonello Palombi, aka turo shi yadda yake, da wandon jins da baƙar riga, a tsakiyar mutanen da suka sha adon Masar na zamanin Fir'auna, ya ɗora daga inda wancan ya ajiye.

Mutanen benen nan suna da suna a Milan, ana ce musu loggionisti. Yawancinsu ba masu hali ba ne, amma sun haddace wasan kamar yadda ɗan kallon ƙwallo ya haddace 'yan wasan kulob ɗinsa har da na benci. Mawaƙi ya kauce da ƙiris, sun ji, kuma ba sa bari ta kwana. Na fara da su ne saboda hoton opera da yawancinmu ke da shi, in ma muna da shi, na wasu tsofaffin Turawa ne cikin kwat da sarƙoƙi suna gyangyaɗi a kujerun karan-miski. Hoton ba ƙarya ba ne, sai dai bai cika ba.

Opera wasan kwaikwayo ne da ake rerawa maimakon a faɗa. Bahaushen da ya taso da finafinan Indiya ba zai yi mamakin saurayi ya ɓarke da waƙa ana tsakiyar labari ba. Bambancin shi ne a nan, a yawancin wasannin, waƙar ba ta tsayawa. Gaisuwa da waƙa, faɗa da waƙa, wasiyyar mai mutuwa ma da waƙa. A gaban dandamali akwai rami inda makaɗa ke zama, daga sittin har zuwa ɗari: masu goge manya da ƙanana, masu busa, masu ganguna, da madugu guda mai 'yar sanda da kowa ke kallon hannunsa. Ga kuma rundunar 'yan amshi a sama.

An fara ta a birnin Florence a ƙarshen ƙarni na 16, lokacin da wasu masana da makaɗa suka so farfaɗo da wasan kwaikwayon tsoffin Girkawa, wanda suke ganin rera shi ake yi. Mafi tsufa cikin waɗanda har yau ake yawan yi shi ne L'Orfeo na Claudio Monteverdi, da aka fara a fadar Mantua a 1607. Wato asalinta kiɗan fada ne, basarake ke ɗaukar nauyi ya gayyaci wanda ya ga dama. A 1637 aka buɗe gidan San Cassiano a Venice, inda duk mai kuɗin tikiti zai shiga, daga nan ta faɗo kasuwa. Zuwa ƙarni na 19 ta zama abin jama'a sosai, har takan tayar da gari. A Brussels, a daren 25 ga Agusta 1830, 'yan kallo suka fito daga gidan wasa da zafin wata waƙar kishin ƙasa suka shiga tarzomar da ta kai ga ɓallewar Beljiyam daga Holan. Da Giuseppe Verdi ya rasu a 1901, tarin jama'ar da suka cika titunan Milan domin rakiyar gawarsa irin na shugaban ƙasa ne. Shi ne mai Aida ɗin da aka yi wa Alagna ihu a kanta, kuma ba a Turai aka fara nuna ta ba, a Alƙahira ne, ranar 24 ga Disamba 1871, da kuɗin Khedive Isma'il, mai mulkin Masar a lokacin.

To, me ke jan mutane? Amsar da duk wanda ya taɓa zama a irin wannan zaure zai fara ba ka ita ce murya. Babban gidan opera na birnin New York, Metropolitan, wanda ake taƙaita wa Met, yana da kujeru kusan 3,800. Mace ɗaya za ta tsaya a dandamali, babu makirufo a hannunta, babu lasifika a bango, makaɗa tamanin na tsakaninta da 'yan kallo suna kiɗa da ƙarfinsu, amma na kujerar ƙarshe a bene na sama yana jin ta. Ba ihu take yi ba, domin mai ihu ba zai kai awa uku ba. Wani masanin sauti ɗan Sweden, Johan Sundberg, ya bayyana sirrin tun shekarun 1970. Ƙarfin sautin taron makaɗa ya fi taruwa a ƙasa, wajen girgiza 500 a daƙiƙa. Horon mawaƙin opera, musamman namiji, yana koya masa saukar da maƙogwaro da buɗe sararin da ke bayan harshe, har muryarsa ta sami wani kaifi a wajen girgiza 3,000 a daƙiƙa, inda makaɗan ba su da ƙarfi, kuma inda kunnen ɗan'adam ya fi saurin ji. Muryar ba ta kokawa da kiɗan, ta samansa take bi ta wuce. Kafin mutum ya iya wannan sai ya share shekaru yana koyon numfashi kaɗai, kuma manyan muryoyi ba sa nuna sai an haura talatin.

A nan ne alherin opera yake, a nan ne kuma matsalarta take. Abin da take sayarwa shi ne jikin mutum yana girgiza iskar zaure ba tare da na'ura ba. Da zarar ka naɗi wannan a waya, ya zama daidai da kowace waƙa, domin a waya mai raɗa da mai cika zaure ƙararsu ɗaya. Yaron da ya ga guntun bidiyo na daƙiƙa talatin, abin da zai gani shi ne wani ƙaton mutum yana wage baki cikin yaren da bai sani ba. In ya yi dariya ya wuce ba zan ga laifinsa ba. Abin da zai kama shi bai shiga wayar ba.

Bayan murya sai labari, kuma labaran ba na masu zurfin falsafa ba ne kamar yadda ake zato. Aida 'yar sarkin Habasha ce da aka kamo baiwa zuwa Masar. Kwamandan sojan Masar na son ta, 'yar Fir'auna na son kwamandan, uban Aida kuma ya matsa mata ta tatso sirrin yaƙi daga bakin masoyinta. Ƙarshe aka yanke wa kwamandan hukuncin a binne shi da rai, ya tarar ta riga shi ɓuya a cikin kabarin. Kishi, cin amana, uba da ya hana aure, talauci, ciwon da ba ya jin magani: kayan miyar ke nan a yawancinsu. Wanda ya saba da littattafan soyayya na Kano zai gane hanyar tun kafin a ɗaga labule na biyu. Abin da kiɗan ke ƙarawa shi ne yana iya tsayar da lokaci. Mutum huɗu za su rera a lokaci guda, kowa na faɗin abin da ke ransa, ɗaya na murna ɗaya na kuka, kunne kuma ya ɗauke su duka. A maganar baka, wannan hayaniya ce kawai.

Yanzu mu zo ga kuɗi, don a nan ne maganar matasa ta samo asali, ko da ba a cika faɗa ba. A 1966 wasu masana tattalin arziki biyu na Amurka, William Baumol da William Bowen, suka nuna wani ciwo da ke tattare da duk sana'ar da ake yi a gaban jama'a kai tsaye. Masaƙa za ta iya sayen inji ta rage ma'aikata ta ninka yadin da take fitarwa. Amma wasan da Verdi ya tsara wa makaɗa masu yawa a 1871, yau ma yawan nan yake buƙata, kuma tsawon lokacin nan zai ci. Ba a rage masu goge a ce saura su ƙara sauri. Albashi kuwa dole ya bi na sauran sana'o'i, in ba haka ba kowa ya watse. Saboda haka kuɗin shirya wasa kullum hawa yake, abin da ake samarwa kuma yana nan inda yake. Ƙara da teloli, kafintoci, masu fitila, masu gyaran gashi, masu tura kayan dandamali. Kasafin Met na shekara ya haura dala miliyan 300. Ko da an cika kowace kujera kowane dare, tikiti ba zai biya ba. Opera ba ta taɓa rayuwa babu uban gida ba. Da sarakuna ne, yau kuma ko gwamnati ko attajirai.

Jamus ta zaɓi gwamnati. Tana da gidajen opera kimanin tamanin da jihohi da birane ke ɗaukar nauyinsu, har a garuruwan da ba su kai wasu ƙananan hukumominmu yawan jama'a ba. Berlin kaɗai tana da uku. Abin da irin waɗannan gidaje ke samu da guminsu galibi bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da suke kashewa ba, sauran daga haraji yake fitowa. Amurka ta zaɓi attajirai, masu ba da kyauta a rage musu haraji a kuma rubuta sunansu a bango. Kowane tsari da inda yake yoyo. Na Amurka ya dogara da wani rukunin masu kuɗi da suka taso suna ganin tallafa wa opera wani mataki ne na girma, kuma wannan rukuni yana ƙarewa. Sababbin attajiran kwamfuta da intanet hankalinsu na kan wasu abubuwan. Gidan opera na biyu a New York, City Opera, ya durƙushe a 2013. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: annobar korona ta rufe Met daga Maris 2020 har Satumba 2021. A ƙarshen 2022 gidan ya sanar zai ciri har dala miliyan 30 daga asusun ajiyarsa, a farkon 2024 kuma ya ƙara cirar kusan miliyan 40. Duk ɗan kasuwa ya san abin da ake nufi idan aka fara cin uwar kuɗi.

Na gwamnati kuma yana hannun 'yan siyasa, su kuwa sai sun amsa tambayar mai biyan haraji: don me kuɗina zai biya nishaɗin 'yan tsiraru? A Nuwamba 2022 hukumar da ke raba tallafin fasaha a Ingila ta cire English National Opera daga jerin masu samun tallafin shekara, wanda ya kai fam miliyan 12.6, ta ce in yana son taimako ya bar Landan. Bayan doguwar taƙaddama ya zaɓi yankin Manchester. Abin takaicin shi ne wannan gida ne da ke rera kusan komai da Ingilishi don kowa ya gane, yake kuma ba 'yan ƙasa da shekara 21 tikiti kyauta. Berlin ma ta zaftare kusan yuro miliyan 130 daga kasafin al'adunta na 2025. Shi ya sa idan shugaban gidan opera ya ce yana neman matasa, ba tikitin daren yau kaɗai yake hange ba. Yana neman wanda nan da shekara ashirin zai zama minista ko attajiri, ya tuna ya taɓa zama a zauren nan tsigar jikinsa ta tashi.

Alƙaluman Amurka ba su da daɗin ji. Binciken da hukumar fasaha ta gwamnatin ƙasar ke yi lokaci-lokaci ya nuna kashi 3.2 cikin ɗari na manya ne suka halarci opera a 2002, ya sauka zuwa 2.2 a 2017, sannan 0.7 a 2022, ko da yake na ƙarshen da sauran ƙurar annoba a jikinsa. Masu kare opera sukan ce ai dama can 'yan kallonta masu furfura ne, mutum sai ya aurar da 'ya'ya ya sami sarari da 'yan canji sannan yake zuwa, don haka matashin yau ma zai zo idan lokacinsa ya yi. Akwai gaskiya a ciki, amma ban gamsu ba. Dattijon da ke zuwa yau, yawanci yana komawa ne ga abin da ya taɓa ji yana yaro, a makaranta, ko a rediyon gidansu, ko a coci. Darasin kiɗa ya ja baya a makarantun gwamnati na ƙasashe da dama, rediyo da talabijin kuma sun daina zama murhun da iyali ke kewayewa. Wanda bai taɓa ɗanɗana abu ba, ba zai wayi gari yana da shekara sittin ya ce yana kewarsa ba.

Kuma hanyar shiga ba ta da tsada kamar yadda ake tsammani. A 1990 BBC ta ɗauki wata waƙar opera da Luciano Pavarotti ya rera ta mai da ita taken shirye-shiryenta na gasar cin kofin duniya a Italiya, sai ga 'yan ƙwallo na rera ta a hanya. A jajibirin wasan ƙarshe, 7 ga Yuli, shi da Plácido Domingo da José Carreras suka yi waƙa tare a birnin Rum, faifan ya zama wanda ya fi kowane na irin wannan kiɗa ciniki. Pretty Yende kuwa, 'yar wani ƙaramin gari ce a Afirka ta Kudu mai suna Piet Retief. Tana da shekara 16 ta ji muryoyin mata biyu a tallan kamfanin jirgin sama a talabijin, ta tambaya me ake kiran wannan. Daga wannan tambaya ta kai La Scala da Met, kuma ita ce ta rera waƙa a bikin naɗin Sarki Charles a Landan a watan Mayu 2023. Tallan 'yan daƙiƙoƙi ne ya jawo ta. Sai dai Pavarotti ya rasu tun 2007, kuma har yau ba a sami wanda direban tasi zai san sunansa kamarsa ba.

Gidajen dai ba su naɗe hannu ba. Katangar yare ta faɗi tun 1983, lokacin da wani gidan opera a Toronto ya fara haska fassara a saman dandamali, yanzu kusan ko'ina ana yi, a Met ma a bayan kujerar gabanka take fitowa. A ƙarshen 2006 Met ya fara watsa wasanninsa kai tsaye zuwa gidajen silima a ƙasashe da dama. Dabara ce mai kyau, amma waɗanda suka fi cika silimar dattawan nan ne dai, da suka samu sauƙin hawa bene da tsadar tikiti. Sai aka juya ga sababbin labarai. Da Met ya sake buɗewa a Satumba 2021, ya buɗe ne da aikin Terence Blanchard, karo na farko tun kafa gidan a 1883 da ya nuna opera da baƙar fata ya tsara kiɗanta. Zauren ya cika da fuskokin da ba a saba gani ba. Hukumar gidan ta ce matsakaicin shekarun masu sayen tikitin dare ɗaya ya sauko daga 50 zuwa 44. Amma wasu sababbin ayyukan da suka biyo baya ba su ci kasuwa ba, aka dawo ana jingina da tsofaffin da aka sani.

Kalmar "tikitin dare ɗaya" ita ce inda gizo ke saƙa. Tsohon ɗan kallo yakan sayi tikitin kakar wasa gaba ɗaya tun watanni kafin a fara, kujerarsa ɗaya shekara da shekaru, in ya mutu ma ya bar wa gidan wani abu a wasiyya. Da kuɗinsa ake ƙulla yarjejeniya da mawaƙa, waɗanda akan kama su shekara huɗu ko biyar kafin ranar wasa. Matashi kuwa ranar Alhamis yake yanke shawarar inda zai je ranar Asabar. Zai zo sau ɗaya, ya yi ado, ya ɗauki hoto a matattakala, wataƙila ma ya share hawaye a ƙarshe, sai kuma baɗi ko baɗin baɗaɗa. Ba ƙin abin ya yi ba. Opera ta zama ɗaya cikin abubuwa hamsin da ke neman darensa, kuma ita ce mai cin awa uku zuwa huɗu, da dokar kashe waya, da harara idan ka yi tafi a inda ba a yi. Ba a ma maganar Bajamushe mai tsara kiɗa Richard Wagner, wanda babban aikinsa ke cin dare huɗu, kimanin awa 15.

Akwai kuma abin da ke cikin labaran kansu. Mace ce kusan kullum ke mutuwa a ƙarshe, ko da wuƙar saurayi, ko da tarin fuka, ko da hannunta. Mutanen Gabas da na Afirka an zana su yadda Baturen ƙarni na 19 ya hango su daga nesa. Sai a 2015 Met ya daina shafa wa farin mawaƙi baƙin fenti a wasan Otello, wanda jaruminsa baƙi ne. Dattawan 'yan kallo sun saba kau da kai su saurari kiɗa, jikokinsu kuwa sai sun tambaya. Masu shirya wasa, musamman a Jamus, sukan amsa da sauya wa labarin riga baki ɗaya, a mai da fadar sarki ofishin banki ko sansanin 'yan gudun hijira. Wani lokaci abin ya yi ma'ana, wani lokaci baƙon da ya zo karon farko ya fita bai san wa ya kashe wa ba, tsohon da ke biyan kuɗi kuma ya fita yana ƙunƙuni. Gaba kura, baya sayaki.

Wani abin lura shi ne inda sababbin gine-ginen ke tashi. Oman ta buɗe gidan opera a Muscat a 2011, Dubai a 2016, Saudiyya kuma ta nuna babbar opera tata ta farko da Larabci, Zarqa Al Yamama, a Riyadh a 2024. Kamar dai zamanin Khedive ya dawo: mai mulki da kuɗi na son a san ƙasarsa ta kai. A Disamba 2023 UNESCO ta sa salon waƙar opera na Italiya cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Italiyawa sun yi murna, ni kuwa irin wannan karramawa takan tuna mini da lambar yabon da ake ba ma'aikaci gab da ritaya.

In kana son ganin matasan da ake ta nema, je gidan opera na Vienna da yamma. Ana sayar da ɗaruruwan tikitin tsayuwa a kuɗin da bai fi na cin abinci sau ɗaya a gari ba. A da, ɗalibai da baƙi kan shiga da wuri, kowa ya ɗaura gyalensa ko mayafin wuyansa a jikin ƙarfen da ake jingina, alamar nan wurina ne, ya fita ya sha iska, kuma ba wanda zai taɓa. Haka za su tsaya awa uku a ƙafa. A Paris ana ware wa 'yan ƙasa da shekara 28 wasu darare a kan yuro 10. La Scala kuma, tun 2008, takan buɗe ƙofa ranar 4 ga Disamba ga 'yan ƙasa da 30 kaɗai, su riga kowa ganin wasan buɗe kaka, kuma tikitin ba ya daɗewa yake ƙarewa. Bayan kwana uku, ranar 7 ga wata, ake buɗewar gaske, da manyan gwamnati da masu bankuna, inda kujerar da ɗalibi ya zauna a kai ranar 4 ke komawa dubban yuro.